Feshin gona: Nawa ne ke ƙarewa a jikinmu?

Babban hutun makaranta yakan faɗo ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da ciyawa ke tsere da shuka, wake na shirin fure, tsutsa kuma ta sa masara a gaba. A gidaje da yawa, daga ranar da ɗalibi ya ajiye jakar littattafai, tankin feshi ne ke maye gurbinta a bayansa. Ko bai goya tankin ba, shi za a miƙa wa kwalbar a ce, "Kai da ke boko, duba mana murfi nawa ake zubawa." Ƙanwarsa kuwa ita ce mai kai abinci gona, ita ce kuma mai wanke rigar da aka yi feshin da ita.

Shi ya sa a wannan makon muka ɗauko wata tambaya da masana suka daɗe suna bi: cikin abin da ake fesa wa gona ko ake zuba wa hatsi, nawa ne ke ƙarewa a jikin mutum, ta ina yake shiga, kuma daga ina yake fara cutarwa? Akwai lissafi a cikin amsar, akwai ilimin halittu, akwai na sinadarai, duk irin waɗanda kuke yi a aji.

Sunan kansa ma abin dubawa ne. Muna cewa maganin ƙwari, maganin ciyawa, maganin ɓera, da kalmar nan guda da muke kiran abin da likita ke rubuta wa marar lafiya. A ganinmu wannan suna ya taimaka wajen sa mutane sakin jiki. Abin da ke cikin kwalbar guba ce, an haɗa ta ne takanas don ta kashe abu mai rai, kuma wasu daga cikinsu hanyar da suke bi su kashe ƙwaro ita ce dai hanyar da suke bi a jikin ɗan Adam.

Kububuwa da kunama

Mai auna haɗarin sinadari yakan yi wa kansa tambayoyi biyu. Ta farko, yaya ƙarfin gubar yake? Ta biyu, nawa ne ya isa jikin mutum, sau nawa, na tsawon wane lokaci? Kububuwar da ke kwance a ramin da ba mai bi ta wurin tana da mugun dafi, amma ba ta sari kowa ba. Kunamar da ta kwana a cikin takalminka dafinta bai kai na kububuwa ba, amma ita za ta hana ka zuwa makaranta gobe. Sai an haɗa amsoshin biyu kafin a ce ga girman haɗari.

Ƙarfin guba a ɗakin bincike ake gwada shi, galibi a kan ɓeraye. Ana neman adadin da zai kashe rabin ɓerayen da aka ba, a lissafa shi da miligiram a kan kowane kilo na nauyin jiki. A littattafan kimiyya za ku ga an rubuta shi LD50. Idan lambar ƙarama ce, gubar mai ƙarfi ce, tunda kaɗan ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da wannan ta kasa sinadaran aji-aji: wanda bai kai miligiram 5 ba shi ne mafi muni, daga 5 zuwa 50 na biye da shi, daga 50 zuwa 2,000 matsakaici, abin da ya haura haka kuma mai sauƙi-sauƙi. Don ku gane ƙanƙantar abin, miligiram 1,000 ne ke yin giram ɗaya.

Ba sai manomi ya haddace waɗannan lambobi ba. An mayar da su launi a ƙasan takardar da ke jikin kwalba. Jan layi, wanda yakan zo da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, shi ne mafi haɗari. Rawaya na biye, sai shuɗi, sai kore. Koren ma guba ne, ƙarfinsa ne dai bai kai na sauran ba. Matsalar da muke gani a kasuwannin ƙauye ita ce ta ɗure-ɗure: a buɗe babbar kwalba a rarraba a robobin lemo ko na ruwa, ba takarda, ba launi, ba suna. Wanda ya sayi irin wannan bai san me ya saya ba, likitan da za a kai shi wurinsa ma ba zai sani ba.

Fata ba leda ba ce

Da an ce guba, baki muke tunawa. Shi ya sa za ka ga mai feshi ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle, ya ga ai ya gama kare kansa, alhali daga shi sai singileti da gajeren wando da silifas. Ga mai feshi a fili, fata ce babbar ƙofa.

Kuma fatar ma ba ɗaya ba ce. A 1971 wasu masu bincike a Amurka sun shafa ɗan mitsitsin wani maganin ƙwari mai suna faratiyon a sassa daban-daban na jikin mutanen da suka sa kansu, sannan suka auna abin da ya fito a fitsarinsu. Fatar hannu, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, ta tsotse kusan kashi 9 cikin 100 na abin da aka shafa. Goshi ya tsotse kashi 36. Fatar marainan namiji kuwa kusan duka ta shanye. To ku tuna mai feshin da ke share gumin goshi da bayan hannu, ko wanda ya kewaya ya yi fitsari bai wanke hannu ba, ko wanda ya cusa ƙaramar kwalba mai yoyo a aljihun wando ya hau keke.

Zafi da gumi suna ƙara wa fata saurin tsotsa. Tankin lita 16 ko 20 da murfinsa ke ɗiga yana jiƙa bayan mai goyonsa na sa'o'i, kuma saboda gumi ya riga ya jiƙa rigar, ba ya ma bambance wanne ne wanne. Amma lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne na haɗawa, domin a nan ne ake taɓa maganin da ƙarfinsa, kafin a tsinka shi da ruwa. A nan ake aunawa da gwangwanin madara, a nan ake ƙara murfi ɗaya "don ya fi ci", a nan wani ke juyawa da hannu. Idan bakin feshin ya toshe kuma, sai a sa shi a baki a hura.

Ta yaya masana ke sanin inda maganin ke sauka? Wasu sukan liƙa ƙananan ƙyallaye a kafaɗa da ƙirji da baya da cinya, bayan an tashi aiki a cire su a kai ɗakin bincike a auna abin da kowanne ya kama. Wasu sukan rataya wa mai aikin wata 'yar na'ura kusa da wuyan riga, tana zuƙar irin iskar da yake shaƙa. Amma dabarar da ta fi burge mu ita ce wadda wani masani a Amurka, Richard Fenske, ya yi fice da ita tun shekarun 1980. Ana zuba wani rini marar cutarwa a cikin tankin, wanda ido ba ya ganinsa da rana. Idan an gama feshi sai a shiga da mutum ɗaki mai duhu a haska shi da irin fitilar nan da ake duba kuɗin jabu. Duk inda maganin ya taɓa sai ya yi ta ƙyalli. An yi wannan da ƙananan manoma masu goya tanki a ƙasar Nikaraguwa, mutum ya ga hannayensa da bayansa da ƙafafunsa suna haske, shi da ya rantse bai jiƙe ba.

Ƙungiyar matasa manoma ta kowace makaranta za ta iya kwaikwayon wannan. A samo sabon tankin da ba a taɓa zuba masa magani ba, a cika shi da ruwan bula, wani ya sa tsofaffin fararen kaya da farar safa ya fesa kunya biyar a gonar makaranta, sannan aji ya taru ya duba inda shuɗi ya kama. Mun jaddada sabon tanki, domin tsoho ko an ɗauraye shi ba a rasa saura.

Abin da ke faruwa a ciki

Da yawa daga cikin magungunan ƙwarin da ke kasuwanninmu 'yan gida ɗaya ne, dangin da ake kira oganofosfet. DDVP, wanda ke cikin Sniper da kuma fiya-fiyar da ake haɗawa a unguwa, ɗan gidan ne. Ga yadda suke aiki. Jijiya tana aika wa tsoka saƙo ta hanyar wani sinadari. Da saƙon ya isa, sai wani sinadarin mai suna kolinestares ya share shi, kamar yadda ake goge allo kafin malami na gaba ya shigo. Oganofosfet mai goge allon yake kamawa ya ɗaure. Saƙo ya yi ta hawa kan saƙo, jiki ya rikice: yawu na dalala, gumi da hawaye na zuba, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, ga amai da gudawa da murɗawar ciki, tsoka na rawa. Idan abin ya yi tsanani majina ta cika ƙirji, numfashi ya gagara.

Wannan ya ba likitoci hanyar aunawa. Ana ɗibar jinin mai feshi kafin a shiga damina a ga yawan kolinestares ɗinsa, a sake ɗiba a tsakiyar aiki a kwatanta. A jihohin Kalifoniya da Washintan na Amurka doka ce a yi wa masu yawan mu'amala da irin waɗannan magunguna wannan gwaji, kuma idan abin ya ragu da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, ana janye mutum daga aikin har sai jininsa ya farfaɗo, ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau. A wurinmu kuwa, wanda ya dawo daga gona da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a watan Agusta, zazzaɓin cizon sauro kowa zai fara kawowa. Ya sayi ƙwayoyi a kemis, ya kwanta, jibi ya koma feshi. Ba wanda ya tambaye shi aikin da ya yi, ba littafin da aka rubuta sunansa. Idan kun raka wani asibiti a irin wannan hali, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa ya yi feshi, ko ba a tambaye ku ba.

Wannan na cutar da ke bayyana nan take ke nan. Akwai wadda ba ta nuna kanta sai bayan shekaru, da yayyafi kogi kan cika. Ita ta fi wuyar aunawa, domin sai an bi mutane na dogon lokaci. A kwarin Salinas na Kalifoniya, inda ake noman ganyaye, masu bincike daga jami'ar Berkeley sun ɗauki mata masu juna biyu kusan 600 a tsakanin 1999 da 2000, yawancinsu daga gidajen 'yan ƙwadagon gona. Suka auna burbushin oganofosfet a fitsarinsu, suka ci gaba da bibiyar 'ya'yan da suka haifa. Sakamakon da suka fitar a 2011 ya nuna cewa a shekara bakwai, 'ya'yan matan da burbushin ya fi yawa a jikinsu sun gaza 'ya'yan waɗanda ya fi ƙaranci da kimanin maki 7 a gwajin kaifin ƙwaƙwalwa.  A aji ne bambancin ke fitowa.

Yaro ba ƙaramin babba ba ne a wannan lissafi. Idan aka kwatanta da nauyinsa, ya fi babba cin abinci da shan ruwa da shaƙar iska, hantarsa ba ta gama ƙwarewa wajen tace guba ba, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa. Saboda haka ne ƙa'idojin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka sa mu'amala da irin waɗannan sinadarai cikin ayyuka masu haɗari da bai kamata wanda bai kai shekara 18 ba ya yi. Mun san halin da ake ciki, mun san kuɗin ɗaukar mai feshi, mun kuma san ba kowane ɗa ne zai iya ce wa mahaifinsa a'a ba. Amma aikin gona yana da yawa. Ɗan shekara 13 zai iya noma, ya yi shuka, ya ɗebo ruwa, ya karanta wa Baba abin da ke jikin kwalba daga nesa, a bar wa babba haɗawa da goyon tanki. Mai ciki da mai shayarwa kuwa ko wankin kayan feshi bai kamata ya biyo ta kansu ba, kuma kayan daban ake wanke su, ba a cikin bahon da ake wanke na jariri ba.

Lissafin kwanon wake

Wanda bai taɓa zuwa gona ba ma yana da rabonsa, ta kwano. A nan ma'auni biyu ake amfani da su. Na farko shi ne adadin da mutum zai iya ci kullum har tsawon rayuwarsa ba tare da an ga illa ba. Galibi ana samo shi ne ta hanyar nemo adadi mafi yawa da bai yi wa dabbobin gwaji komai ba, sannan a raba shi da 100: goma saboda mutum ba ɓera ba ne, goma kuma saboda mutane ma wani ya fi wani rauni. Na biyu shi ne iyakar burbushin da doka ta yarda a samu a cikin kilo ɗaya na abinci. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya yana wannan aiki tun 1963.

Ku ɗauko biro mu gwada. Ga DDVP, kwamitin ya sa miligiram 0.004 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Uba mai nauyin kilo 60, nasa 0.24 ke nan. Ɗansa mai kilo 30, nasa 0.12. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan an yi ta samun DDVP a cikinsa. Iyakarsu miligiram 0.01 ce a kilo, amma an samu wanda ya kai 4.6, wato ninki 460. A ce daga irin wannan buhun aka auni giram 100 aka dafa wa yaron. Kashi ɗaya cikin goma na 4.6 shi ne 0.46. Raba 0.46 da 0.12, za ku samu kusan huɗu. Uban kuma, da kwano iri ɗaya, bai kai ninki biyu ba.

Sai dai a yi wa lissafin adalci. Wanki da jiƙo da dafuwa suna rage DDVP sosai, domin yana bin iska kuma zafi na wargaza shi, sannan haura ma'aunin na rana ɗaya ba ya nufin mutum zai faɗi. Tambayar da ta fi damun mu ita ce: waken da Turai ta ce ba ta so, wa ke cin irinsa? Wanda ba a fitar ba yana nan a kasuwa, shi ne ƙosan safe, shi ne alale, shi ne wake da shinkafar makarantar kwana.

A 2008 an kwashi ɗalibai kimanin 120 na makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Doma a Jihar Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake. Hukumar NAFDAC, a lokacin tana ƙarƙashin Farfesa Dora Akunyili, ta ce gwaji ya nuna Gammalin a cikinsa, kuma a shekarar ta haramta magungunan gona 30. Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, ko da yake ba wannan Domar ake nufi ba. A Indiya abin ya fi muni. Ranar 16 ga Yuli, 2013, yara 23 suka rasu a wata firamare da ke ƙauyen Gandaman a jihar Bihar bayan cin abincin rana na makaranta. An samu maganin ƙwari mai suna monokurotofos a man da aka yi girkin da shi, kuma bincike ya karkata ga cewa an zuba man ne a mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin.

Wannan na Bihar ya kamata ya tsaya mana a rai, domin jarka abu ce mai daraja a gidajenmu, ba a yar da ita. A ciki ake zuba man gyaɗa, da ita ake kai kunu gona, wani ma buta yake mayar da ita. Roba tana shan maganin, sabulu ba ya fitar da shi duka. Ƙa'idar ita ce a ɗauraye mazubin sau uku ana juye ruwan a cikin tankin feshi, sannan a huda shi yadda ba zai ƙara riƙe komai ba.

Akwai kuma ƙwayar nan da ake sa wa hatsi, wadda wasu ke kira bom, irin su Phostoxin. Da ta sha danshin iska sai ta riƙa fitar da iskar gas mai suna fosfin, wadda ke kashe ƙwaro, tana kuma kashe mutum, ba ta da makari. An yi ta ne don ma'ajiyar da ke rufe ruf, nesa da inda mutane ke kwana, a hannun wanda aka koya wa aikin. Buhunan da aka jefa wa bom aka jingine a ɗakin da yara ke barci, ko a shagon da ke manne da ɗakin kwana, gas ɗin ba ya tsayawa a cikin buhu.

Abin daɗi shi ne ajiyar wake ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙwaro ma numfashi yake yi. Buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na Kamaru da Nijar, aka fara yaɗa shi a 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su cinye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Jarkar da ba ta taɓa ɗaukar magani ba ko duro mai murfin kirki, idan an cika su taf aka toshe, haka suke yi.

Kayan lambu nasu batun na kwanaki ne. Kowace kwalba ta ƙwarai tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi na ƙarshe da tsinka, wani uku, wani bakwai, wani 14 ko fiye. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, a shekarar ce kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a Najeriya. Manomin da ya ga jarinsa na narkewa a gabansa zai fesa yau ya tsinka gobe, ya haɗa magani biyu ko uku a tanki ɗaya. Ba mu ce mugu ne ba, bashi ne a kansa. Amma yawan feshin yana sa ƙwarin su saba da maganin, badi kuma sai an ƙara. Mai saye dai abin da ke hannunsa shi ne ya wanke tumatir da latas da kabeji da ruwa mai yawa, ya ɓare abin da ke ɓaruwa. Wankin yana rage na bayan fata, ba ya taɓa wanda ya riga ya shiga cikin tsiron.

Inda masana suka saɓa

Kada ku ɗauka komai an gama yanke hukunci a kansa. Gilaifoset, sinadarin da ke cikin Roundup da magungunan ciyawa da yawa da ake fesawa kafin shuka, misali ne. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta ce akwai yiwuwar yana jawo ciwon daji. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai da hukumar kare muhalli ta Amurka suka ce a binciken da suka yi da wuya ya jawo. Wani ɓangare na saɓanin ya samo asali ne daga irin binciken da kowa ya ba muhimmanci, wani kuma daga tambayoyin nan biyu na kububuwa da kunama. Abin da za mu ƙara shi ne, duk hukumar da ta ce magani ba shi da matsala, tana nufin idan an bi abin da ke rubuce, da safar hannu ta roba da dogon takalmi da riga mai dogon hannu. Yaro mai singileti da ke feshi da tsakar rana iska na kaɗo masa a fuska ba ya cikin lissafinsu.

A kan farakwat kuwa, wanda aka fi sani da Gramoxone, mai ƙona ciyawa cikin yini guda, ba a ja-in-ja. Kurɓa ɗaya na iya kisa, yana lalata huhu a hankali cikin kwanaki, ba shi da makari. Turai ta daina amfani da shi tun 2007, NAFDAC ma ta sa shi cikin jerin waɗanda ta sanar za a daina shigowa da su.

Akwai wani dalilin kuma da ya sa bai kamata irin waɗannan kwalabe su kwana a ƙarƙashin gado ko a kan taga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin gona suke yi, sau da yawa cikin ɓacin ran da zai wuce da an ba shi lokaci. Ƙasar Siri Lanka ta hana mafiya haɗarin cikinsu daga 1995 zuwa gaba, adadin masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara 20, noma kuma bai durƙushe ba. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben DDVP a kantuna da kasuwannin da ba na kayan noma ba. Magani a kulle shi da kwaɗo, a wajen ɗaki. Idan kuma aboki ko ƙawa ta fara maganar ta gaji da rayuwa, wannan ba sirrin da ake riƙewa ba ne, a gaya wa malami ko wani babba a ranar.

Idan tsautsayi ya faɗa, abin da aka saba yi a unguwa shi ne a ɗura wa mutum madara ko manja, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro. Duka ukun kuskure ne. Da yawa daga cikin magungunan nan a mai suke narkewa, don haka maiƙo na iya taimaka musu shiga jini, amai kuma na iya tura su cikin huhu. Abin yi shi ne a fitar da shi zuwa inda iska ke kaɗawa, a tuɓe masa kayan da suka jiƙe, mai taimakon ya rufe hannunsa ko da da leda ce, a wanke jikin da sabulu da ruwa mai yawa. Idan ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15. Idan ya fita hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi komai ta baki, a nufi asibiti ba tare da jiran a ga abin da hali zai yi ba. A tafi da kwalbar a cikin leda, ko a ɗauki hoton takardar jikinta da waya. Allurar aturofin da ke ceto wanda oganofosfet ya kama ba ta yi wa wanda ya sha farakwat komai, kuma sunan da ke jikin kwalbar ne zai gaya wa likita wanne zai ɗauko.